Sunan Kawu a Saman Takarda

Daga Allah muka zo, kuma can za mu tarar da Kawu. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan gadonsa na igiya, a gidansa da ke yamma da Kasuwar Libiya a Omdurman, kuma kafin la'asar an kai shi an dawo. Wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya sa ni a aikin da nake ci da shi, aikin kula da lafiyar jama'a, kuma saboda ni ya shiga abin da ya shiga.

An kafa rumfa a titi, an shimfiɗa tabarmi, shayi ya yi ta zagaye. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ya ce "Albaraka fikum," sannan ya zauna ya faɗi abin da ya sani game da mamacin. Maƙwabta abin da suka sani shi ne randa. Wata tsohuwa da ke katanga ɗaya da su ta ce, "Allah ya jiƙan Ustaz. Shekara talatin bai taɓa shan ruwan gidana ba sai ya buɗe zir ya leƙa ciki, sai ka ce ni ƙazama ce." Zir ita ce randa a bakin mutanen nan. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka.

Rana ta biyu masu sayar da ruwa a keken jaki suka zo tun daga Mayo, su shida, sun ratsa Khartoum sun ƙetaro kogi. Ina bakin ƙofa da tiren shayi na ji babbansu yana ba maza labari. "Ganga biyu ya zubar min a gaban mutane, wallahi na yi niyyar dukansa. Washegari sai ga shi da sabulu da burushi, ya tattare jallabiya ya shiga nuna min yadda ake wanke ganga. Ya zol, kai bawan Allah, ina ka taɓa ganin mufattish yana wanke ganga?" Mufattish shi ne dubagari, kuma aikin Kawu ke nan tun kafin a haife ni.

Akwai kuma wasu dattawa da suka riƙa zuwa ɗai-ɗai. Ba su gaisa da juna ba, ba su zauna wuri ɗaya ba, kowa ya sha shayinsa yana kallon ƙasa. Na san su duka, kuma sun san juna fiye da yadda suka san 'yan'uwansu. A ƙarshen layi wata farar mota a-kori-kura ta tsaya tun ranar farko da mutum biyu a ciki, ba su sauko sun yi Fatiha ba.

Inna, wato mahaifiyata, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. A tsakiyar mata ta ce, "Niƙaba ce ta ci min ɗan'uwa. Likita ya ce ƙoda, ni na ce niƙaba." Haka ake kiran ƙungiyar ma'aikata a nan. Ba wadda ta musa mata. Matar Kawu ta ja mayafinta ta rufe fuska, ni kuma na sunkuyar da kai, don ni kaɗai a ɗakin nan na san maganar ba haka take ba. Shi ya sa nake rubutun nan. Ba na so a binne Kawu a bar wannan magana a tsaye a kansa.

Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira, yankin noma a nan Sudan, ya tsaya tsintar auduga har ya mutu bai ƙarasa ba. A bukkokin 'yan ƙwadago aka haifi Kawu, a bakin magudanar da ke shayar da gonaki, inda ake sha, ake wanka, ake wanki, jakuna ma nan suke sha. Ya ce duk yaran wurin suna fitsarin jini, har ana yi wa wanda bai fara ba dariya wai bai zama namiji ba. Wani dubagari ne ya zo wata rana ya ɗago katantanwa daga cikin ruwan, ya ce musu wannan cuta ce, sunanta tsargiya, ga mai ɗauke da ita. Kawu ya ce tun daga ranar bai sake yarda da ruwan da bai duba ba, kuma ya riƙe maganar nan fiye da yadda kowa ya so.

Ya takura mana ƙwarai, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. In ya shigo gida kafin ya gama sallama ya buɗe randa. Ya leƙa, ya shinshina, ya shafa cikin murfin da yatsa ya duba yatsan. A gidan biki ma haka yake yi, matarsa tana binsa tana ba mutane haƙuri. Aljihunsa kullum da 'yar kwalba a naɗe cikin takarda. In aka ce masa, "Haba Ustaz, ruwan famfo ne fa," sai ya ce, "Famfo ba shi da uwa a gindin murhu. Ruwa ba ya ƙarya, mai ɗibansa ne ke jin tsoro." Muna yara mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa, mu leƙa cikin moɗa mu yamutsa fuska.

Abu ɗaya ne yake magana a kai murya ta yi laushi, ƙungiyarsu ta masu aikin lafiyar jama'a. Da aka ɗauke shi aiki shi kaɗai ne Bahaushe a ofis, ana ce masa Fallati, sunan raini da ake kiran irinmu da shi a nan, a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa. Ya ce zauren ƙungiyar nan ne wuri na farko da aka tambaye shi me ya gani a wurin aiki, ba a tambaye shi inda aka haifi kakansa ba. A can mujallun aiki suke yawo hannu zuwa hannu har su yage. A can wani tsohon ma'aikaci ya zaunar da shi ya koya masa rubuta rahoton da ba za a iya karyawa ba. Su suka tura shi kwas, kuma da wani shugaba ya so jefa shi ƙauyen da ba mota don ya rufe masa gidan abincin suruki, su suka rubuta takarda aka fasa.

Amma abin da ya fi alfahari da shi wata ƙa'ida ce da suke kira hannu uku. In ɗan ƙungiya ya gano ruwa ko abinci ya gurɓace, kuma mai abin babba ne, ba ya miƙa rahoto da sunansa shi kaɗai. Sai wasu biyu sun je da kwalabensu, kowa a ranarsa, kowa ya kai awo inda ya ga dama. In sakamako ya zo ɗaya, su uku su sa hannu. Kawu yakan ce, "Mutum ɗaya ana iya ce masa kwalbarka ce ba ta da tsabta. Kwalba uku fa? Sai dai a ce wa ruwan ya yi ƙarya."

Da sojoji suka karɓi mulki aka rushe ƙungiyoyin ma'aikata, aka sa wa zaurensu kwaɗo. Aka shiga korar mutane daga aiki da 'yar takarda mai layi biyu, wai don amfanin jama'a. Wasu ma ba takarda ake ba su ba, mota ce take zuwa. Taro ya zama laifi. Sai dai ba wanda zai hana a yi makoki a Omdurman, kuma nan Kawu da mutanensa suka koma. Kullum yana manne da rediyo lokacin sanarwar rasuwa. In akwai magana, sai ya aika wa mutum biyu cewa gobe za shi gaisuwa wuri kaza, su ma su gaya wa bibbiyu. A rumfar mutanen da ba su sani ba suke haɗuwa, su yi Fatiha da gaske, su sha shayi, magana ta wuce daga kunne zuwa kunne. Matarsa takan ce, "Mijina ya fi liman zuwa jana'iza. Ran da ba a mutu ba, rasa abin yi yake."

Ana cikin haka na gama karatu aka tura ni aiki Mayo, unguwar da ke kudancin Khartoum, inda 'yan gudun hijira da 'yan ci-rani suke zube babu famfo babu magudana. Ran da na karɓi takardar aiki Kawu ya zo gidanmu da kwalabe biyu sababbi, ya ba ni, sannan ya ce, "Jibi za ki raka ni gaisuwa."

Na san abin da yake nufi. Na ce, "Kawu, ni aiki aka ɗauke ni, ba bin makoki ba."

Ya ce, "Aikin ke nan, ya bitti, 'yata. Rabinsa a kwalba yake, rabi a wurin mutane."

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, ga takardar shaida sabuwa, ga tsoro da nake ɓoyewa a ƙarƙashinta. Na ga yadda aka kori maƙwabcinmu malamin makaranta. Na san in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ruwa kake shafa wa naka. Na ce, "Ƙungiyar da aka rushe? Ku da kuke taro a kan gawa? Ni ke riƙe da Inna. Mu da ko takardar ɗan ƙasa sai an juya ta sau uku kafin a yarda tamu ce, me zai kai ni?"

Maganar gawa ta soke shi, na ga hakan a fuskarsa. Ya tashi ya sa takalmi, ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Inna ta goyi bayana, har ta raka shi ƙofa da faɗa. Wata huɗu yana zuwa gidanmu duk Juma'a, ya gaishe da ƙanwarsa, ya buɗe randa ya leƙa, ya tafi bai ce min ci kanki ba. Na ji zafin abin, amma girman kai ya hana ni zuwa ba shi haƙuri.

Damina ta biyu da fara aikina yara suka fara gudawa da amai a wani yanki na Mayo. Na bi gida-gida ina tambayar wa ke kawo musu ruwa, na bi masu keken jaki ina tambayar inda suke cika ganga. Duk hanya ta kai ni wuri ɗaya, wata rijiyar burtsatse mai babban tanki, ta wani ɗan kasuwa da ba a kiran sunansa da ƙarfi saboda waɗanda yake cin abinci da su. Ruwan sama ya rusa wani ramin masai a bayanta. Na ƙona bakin famfon kamar yadda aka koya mana, na ɗibi ruwa, na kai awo. Sakamako ya fito yadda na zata. A makon nan yara uku aka binne a layi biyu kacal, na ga biyu daga cikinsu da idona.

Na zauna na rubuta rahoto mai kyau, na sa hannu ni kaɗai, na kai wa shugaban sashenmu kwafi ɗaya tak. Har ina jin daɗin kaina. Shugaban ba mugu ba ne, mai iyali ne da ke tsoro. Ya karanta, ya dube ni da tausayi, ya buɗe aljihun tebur ya saka.

Ranar Asabar ta gaba mutum biyu suka zo ofis. Sun yi ladabi sosai, har suka sa aka kawo min shayi. Ɗaya ya ce, "Ya ustaza, ina aka haifi kakanki?" Ya tambayi wa ya tsaya mana shaida da aka ba mu takardar ɗan ƙasa, ya tambayi lafiyar Inna, ya ma san ƙafarta ce ke ciwo. Sannan ya ce, "Kowa yana kuskure. Wataƙila kwalbarki ce ba ta da tsabta. Ki rubuta haka, khalas, magana ta mutu. Za mu dawo Asabar mai zuwa." Suka tafi suka bar ni da shayin da ban iya sha ba.

Abin da ke gabana a fili yake. In na janye rahoton, rijiyar za ta ci gaba da cika ganguna, yara su ci gaba da mutuwa da sa hannuna. In ban janye ba, ni kaɗai ce a kan takardar, kuma sun riga sun nuna min ta inda za su kama.

Washegari da sassafe na tafi gidan Kawu. Na same shi a tsakar gida yana shan shayi da madara. Na shirya wa faɗa, na shirya wa maganar gora, bai yi ko ɗaya ba. Ya saurara har na gama, sannan ya fara tambaya. "Kin ƙona bakin famfon? Kin bar ruwan ya zuba kafin ki tara? Awa nawa kafin ki kai awo? A ƙanƙara kika sa?" Na amsa duka. Ya ce, "Tamam. Aikinki daidai ne. Ke ce dai ba ki da kowa." Ya kira matarsa ya ce ta kawo masa rediyo.

Litinin muka tafi gaisuwa Soba, gidan wani manomi da ban taɓa jin sunansa ba. Kawu ya shiga rumfar maza, ni na shiga wurin mata na rungumi mutanen da ban sani ba. Ban daɗe da zama ba wata dattijuwa mai zane uku-uku a kumatu ta zauna kusa da ni. Ma'aikaciyar rigakafi ce, kowa Hajja yake ce mata. Ba ta dube ni ba, tana jan carbi ta ce da Larabci a hankali, "Ke ce ta Mayo? Gaya min inda tankin yake, da lokacin da mai gadi ke zuwa cin abinci." Na gaya mata. Ta ce, "Kada ki sake zuwa wurin. Ki je ofis, ki zauna, ki yi kamar kina tunanin janyewa."

Kwana biyu mutane suka yi ta zuwa rijiyar nan kamar masu neman ruwan sha. Wani ya je a matsayin mai neman hayar ɗaki, Hajja ta je da tsohon mayafi da jarka. Babban masu keken jakin nan da Kawu ya taɓa zubar wa ganga, shi ya riƙa tsayawa da jakinsa yana kare su daga idon mai gadi. Ba hannu uku aka yi ba, don an riga an san fuskata, uku ba za su isa rufe ni ba. Mutum takwas suka ɗiba har da Kawu, aka kai awo wurare daban-daban. Ba wanda na taɓa yi wa komai a cikinsu, ban ma san sunan rabinsu ba.

Ranar Juma'a Kawu ya yanka rago ya ce sadaka yake yi don matarsa ta samu sauƙi. Matar ta ce, "Ashe ciwo na yi ban sani ba." Bayan an ci an watse, mu tara muka rage a ɗakin baya, takarda a kan tire. Wani mai aikin awo, mutum mai dabara, ya ce a sa hannu a zagaye kamar bakin faifai, yadda ba za a san na farko ba balle na ƙarshe. Kowa ya ce wannan shawara ta yi. Kawu kaɗai ya girgiza kai.

Ya ce, "In ba kai ba gindi, za su duba wa ya fi sauƙin cirewa. Kun san ko wace ce, sun riga sun sha shayi da ita. Mutanen nan ba sa komawa hannu rabbana, ya jama'a. A ba su kai."

Hajja ta ce, "Kai ma Fallati ne, Ustaz. Abin da za su yi mata za su yi maka."

Ya ce, "Ni saura shekara biyu in ajiye aiki, kuma na fi ku duka daɗewa. Ƙa'ida ce, babba ne a sama."

Ban taɓa jin wannan ƙa'ida ba, kuma daga yadda suka kalli juna na gane a lokacin ya ƙirƙire ta. Ya jawo takardar ya rubuta a sama cewa shi ya jagoranci binciken, ya sa hannu da manyan baƙaƙe. Sunana na bakwai ya zo, a tsakanin mutum biyu da suka girme ni. Na so in yi magana, ya ce, "Ke ba a ba ki baki ba tukuna, ba ki ma shiga ba."

Asabar da safe kwafi ya shiga ofisoshi biyar a lokaci ɗaya, ba aljihun teburin da zai iya haɗiye su duka. Mutum biyun nan ba su dawo wurina ba. Bayan kwana huɗu aka rufe rijiyar, aka manna takarda wai ana gyara.

Kawu suka je wa. Da safe ne, yana shan shayinsa, kuma matarsa ta ce abin da ya roƙa kawai a bar shi ya sa takalmi. Mako bakwai ba mu san inda yake ba. Matarsa da Inna suka yi ta yawo, duk inda suka je a ce musu babu mai wannan suna. Takardar korarsa ma ta riga shi isowa gida. Ni kuwa kullum ina ofis a kan kujerata, ba wanda ya ce min uffan, kuma ban taɓa jin kunya irin ta makonnin nan ba.

A bakin Kasuwar Libiya suka sauke shi, ya tako da ƙafa har gida. Da na iso na same shi zaune a tsakar gida, jallabiyarsa ta yi masa yawa, hannunsa na dama yana rawa. Ya ce yana jin ƙishi. Na zabura zan wanke kofi in ɗebo daga randar ɗaki. Kafin in juyo ya miƙa hannu ya ɗauki wani gwangwani da ke gindin katanga, wanda ake zuba wa shuka ruwa da shi, ya kafa kai ya shanye. Bai leƙa ba, bai shinshina ba. Na tsaya da kofi a hannu ina kallo, kuma a nan na san sun yi masa abin da ba zai faɗa ba. Har ya mutu bai faɗa ba, kuma bai sake buɗe randar kowa ba.

Shekara shida ya yi bayan haka, ƙoda tana cinsa a hankali. Ni kuwa makokin farko da aka sanar bayan dawowarsa na riga shi isa. Ba takarda aka cike ba, ba rantsuwa. Hajja ta matsa min na zauna, shi ke nan na shiga. A wurinsu na koyi abin da makaranta ba ta koya min ba. In cuta ta ɓulla a wata unguwa, mukan ji kafin takarda ta zo, in ma za ta zo. Da aka hana mu maganin tsaftace ruwa, wani a cikinmu ya san inda za a samo. Na ɗebo wa mutane ruwa a kwalbata sau da yawa, su ma sun ɗebo min, kuma tun daga ranar ban sake shiga ofishin kowa ni kaɗai a kan takarda ba.

Sau ɗaya na yi masa maganar. Na ce, "Kawu, ka yafe min. Da na bi ka gaisuwar nan tun farko, da ba haka ba."

Wani zai ce babu komai, ƙaddara ce. Kawu ba ya haka. Ya ce, "Gaskiya ne. Da kin zo tun farko, da hannu uku ne cikin ruwan sanyi, ba wanda ya tsaya shi kaɗai har aka san fuskarsa. Wataƙila da ba a nemi kai ba." Sannan ya ce, "Bayan an rufe rijiyar, yara nawa aka binne?"

Na ce, "A layukan nan, ba ko ɗaya da na sani."

Ya ce, "To ma'alesh, haƙuri. Kawo shayi."

Wannan ita ce gaskiyar da ban iya faɗa a gaban mata ba. Waɗanda suka ɗauke shi su suka ci shi, ni kuma na buɗe musu ƙofa da tafiyar da na yi ni kaɗai. Ƙungiyar ita ce dalilin da ya sa nake nan da aikina, kuma yaran layukan nan yanzu suna makaranta. Ina son Kawu, ina kewarsa, kuma ina jin haushinsa har yanzu da bai bari an yi zagayen nan ba, duk da na san shi ke da gaskiya. Allah ya shayar da shi daga tafkin da babu gurɓata a cikinsa, ya yafe masa, ya sa wahalar makonnin nan bakwai ta zama ita ce iyakar tasa.

Jiya Alhamis aka naɗe tabarmin makoki. Kafin a watse Hajja ta lallaɓo da sandarta ta zauna kusa da ni. A cikin mu taran nan, biyu sun rasu har da Kawu, huɗu sun tafi ƙasashen Larabawa neman abinci, ɗaya ya koma wajen masu mulki har ya yi mota. Hajja an kore ta tuni, sa hannunta ba ya aiki. Ta ce akwai wata mahauta a yammacin Omdurman da ƙazantarta ke shiga tankin makarantar firamare, kuma mai mahautar ya fi mai rijiyar Mayo ƙarfi. Wata sabuwar ma'aikaciya mai goyo ce ta gano, kuma ta fi ni hankali, don wurinmu ta fara zuwa. An ɗiba, an auna, mutum huɗu sun sa hannu. Layin sama ne kawai babu kowa.

Hajja ba ta roƙe ni ba. Ta ce dai, "A cikin masu aiki yanzu, ke kika fi daɗewa." Takardar tana naɗe a cikin mayafinta. Muka shiga ɗakin baya, na aro biro a wurin ɗan Kawu, na rubuta sunana. Tsoro nake ji, irin na ranar da aka kawo min shayi a ofis.

Ɗazu Inna ta ce in ɗauki hutu in zauna da ita ko mako guda ne, tunda yanzu ni kaɗai na rage mata. Na ce to. Gobe Asabar da safe takardar za ta shiga.